Farin Ƙyallen da ke Tsakiyar Igiyar Baffa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun da na zama maraya ina shekara bakwai, ya rasu wata Laraba da hantsi a asibiti a Dutse, muka binne shi bayan la'asar a ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa. Jiya aka yi sadakar arba'in. Na ga mutane sun fara komawa hirar taki da farashin riɗi, wanda ba laifi ba ne, haka duniya take. Amma sai tsoro ya kama ni kada nan da 'yan shekaru a ce wa yara, "Akwai wani mai mota da aka yi a nan," a tsaya a haka. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kwana uku muka yi zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, kuma na lura da wani abu. Duk wanda ya zo ya yi mana ta'aziyya aka shafa, kafin ya kama hanya sai ya ratse gindin darbejiya inda motar Baffa ke tsaye. Wani ya dafa ta, wani ya leƙa ciki, wani ya tsaya kawai. Wani dattijon Bafillatani ya jingina sandarsa da taya ya ce mini, "Nagge tawa ta karye a fadama, a nan aka kwantar da ita. Shi ya riƙe mata kai muna ɗaurewa." Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a tambaye ni ko za a bar ta ta ga motar. Da ta fito ta shafa bayanta ta ce jikokinta uku a nan ta raka uwarsu asibiti, na tsakiyar ma bai jira an isa ba, shi ya sa har yau ake ce masa Ɗan Mota. Malamin makarantar allon unguwarmu ya ce azarar da ke kan zaurensa da kwanon rufin, duka ita ta kawo su.

Ba kowa ne ya yabe shi tas ba. Wani ɗan kasuwa ya share hawaye yana dariya, ya ce, "Allah Ya jiƙan Alhaji, amma wallahi akwai faɗa. Ni ya taɓa sauke ni a tsakiyar hanya don na rufe masa ƙofa da ƙarfi." Aka yi dariya, kowa ya ce gaskiya ne. Ni ban yi dariya ba, domin na fi kowa sanin faɗan nan, kuma zan zo kansa.

Akori-kura ce, tsohuwa. An ce fara ce a da, amma ni tun da na yi wayo na san ta da kalar kunun gyaɗa. Dattijuwa yake ce mata, garin duka ya ɗauka. Idan ya ce, "Yau Dattijuwa ba ta jin daɗi," to ba wanda zai tambayi wace dattijuwa.

Safiyarsa ba ta canzawa. Yana dawowa daga masallaci, kafin ya kalli kokon da Inna, matarsa, ta ajiye masa, sai ya ɗaga bonet. Ya zaro ƙarfen awon baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya sansana. Ya zagaya tayoyi yana bubbuga su da wata guntuwar sanda. Ruwan lagireto kuwa yana da randarsa daban a bayan ɗaki, ruwan sama ne da yake tara tun damina, wai ruwan rijiyarmu yana da gishiri, yana cin ƙarfe. Inna ta taɓa ɗibar kwano guda a randar nan ta dafa shayi ga baƙi, aka yi kwana biyu ana shari'a. Sannan ya tayar da ita, ya karkata kai gefe guda yana saurare, ba a yi masa magana. Yakan ce mota da safe take faɗin inda ke mata ciwo, idan rana ta ɗaga sai ta yi ta maza ta ɓoye.

Me Dattijuwa ba ta ɗauka ba? Da bazara taki zuwa gonaki, da kaka dammunan gero da dawa, buhunan riɗi zuwa kasuwar Shuwarin, bulo, yashi, injin ban ruwa, awaki, gadon amarya da kwanukanta tare da mata masu guɗa. Amma yana da mudunsa. Ana cikin lodi sai ya tsuguna ya leƙa sifirin baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin kaya. Da zarar ya ga ya miƙe, ya ce, "Ya isa." Ko Sarkin Noma ne mai kayan, ba za a ƙara ko da ƙwarya ɗaya ba.

"Haba Alhaji, buhu ɗaya ne fa ya rage!"

"To ɗauke shi a ka, ka ji yadda buhu ɗaya yake."

Sunan da ya yi a yankinmu kuwa a kan ja ya yi shi. Motar da ta mutu a hanya, wadda ta kafe a yashi, wadda ta nutse a kwarin da ke mashigar garinmu da damina, Baffa ake kira. Yana da wata igiya mai kaurin damtse a naɗe bayan kujera, kuma duk lokacin da zai ja mota sai ya ɗaura sabon farin ƙyalle a tsakiyarta, don masu babur su gani kada su faɗa mata. Kafin a tashi yakan tsayar da direban da za a ja, ya yi masa karatu, ko da mutumin ya girme shi.

"Ni ja ne nawa. Birki naka ne. Ka bar kallon fitilata, hannuna za ka kalla. In na sauke shi ta taga, kai za ka fara takawa, ka tsayar da mu duka biyun. Igiyar nan kada ta yi sako-sako, kada ta taɓa ƙasa."

Idan an isa, kafin ya amsa godiyar kowa, sai ya kwance ƙyallen ya juya shi gaba da baya. Ƙura dole ce, yakan ce, amma ƙura daban, shafar ƙasa daban. In ya ga ƙyallen da ɗan jan ƙura kawai, sai ya miƙa wa direban ya ce, "Riƙe, ka iya." Na san mutane biyu da har yau ƙyallen nan yake cikin motarsu. In kuwa ya ga baƙi, sai ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ba ya ƙara komai.

Sai kuma ɗaukar gawa. Duk mutumin yankinmu da ya rasu a asibiti a Dutse, Dattijuwa ce ke dawo da shi gida. Ko yana tsakiyar aiki sai ya sauke. Ya taɓa jibge kwandunan tumatir a bakin titi, ya bar mai su yana ta kumfar baki. Zai wanke bayan motar, ya shimfiɗa wata tabarma da ba a amfani da ita sai don wannan, kuma wanda ya yi masa maganar ko kuɗin mai ne ranar, ya ja wa kansa. Tafiya yake a hankali, ba oda, yana kauce wa kowane rami. Na taɓa raka shi ina saurayi, na ce, "Baffa, ai ba ya ji." Ya harare ni ya ce, "Wannan ce shigarsa mota ta ƙarshe. Ba za a jijjiga shi a hannuna ba."

To yanzu ga abin da ya shiga tsakanina da shi.

Da na samu aikin koyarwa a Dutse na yi aure, sai na sayi wata ƙaramar mota ta hannu, ban shawarce shi ba. Ranar da na kawo ta gida, ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Ta sha hanya," ya wuce masallaci. Bayan shekara guda matata ta haifi 'yarmu ta fari, ta tafi wankan jego gidansu a Aujara. Da ta gama na je ɗauko su, tare da gwaggonta da za ta rako ta. Na sa babbar riga, na wanke mota, ina ji da kaina. Ba mu yi nisa da Aujara ba motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Na kira mutum uku kafin na haƙura na kira Baffa.

Ya zo da Dattijuwa. Ya gaida gwaggon da ladabi, ya mayar da ita da matata da jaririyar gaban Dattijuwa kusa da shi, ya ƙulla igiya, ya ɗaura ƙyalle. Sannan ya juyo zai yi mini karatun nan da na ji ana yi wa wasu ya fi sau hamsin. Gwaggon tana leƙowa ta taga. Kunya ta rufe ni.

Na ce, "Na sani, Baffa."

"Me ka sani?"

"Ai na yi makarantar koyon tuƙi."

Ya dube ni, ya shiga mota.

Mun yi tafiya lafiya har muka kai wata gangara, sai ga garken awaki ya keto titi. Baffa ya sauke hannu ta taga. Na gani, wallahi na gani, amma ƙafata ta tsaya jiran jar fitilarsa, yadda aka koya mini a makaranta. Igiyar ta zube ƙasa. Da na farga na taka birki, sai na ji shi kamar dutse, don inji ba ya aiki. Na daki bayan Dattijuwa da ƙarfi.

Matata ta bugi goshi har ya fashe. Jaririyar ta kuɓuce mata, gwaggon ce ta cafe ta a cinya. Allah Ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Baffa ya fito ya karɓe ta, ya duba kanta, ya duba hannuwanta. Sai da ya mayar da ita sannan ya je ya kwance ƙyallen, wanda ya zama baƙi ƙirin, ya ɗaga shi a gaban surukata da masu awakin da duk wanda ya taru.

"Ga takardar makarantar taka. Ba ka san komai ba, kuma ba ka jin magana. Yau da girman kai ya kashe maka 'ya."

Ni kuma na buɗe bakin nan nawa na ce, "Da ubana ne, da bai tozarta ni gaban surukaina ba."

Na faɗa wa mutumin da ya sayar da gonarsa ta fadama ya kai ni kwaleji. Gwaggon ta yi salati ta rufe fuska. Baffa ya juya ya nufi titi. Ya tsayar da wani direba mai wucewa ya roƙe shi ya zauna a motata, ni kuma na hau bayan Dattijuwa tare da tukwanen jego, da babbar rigata.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Ba gaba muke yi ba. Ina zuwa gaisuwa, ina durƙusawa, yana amsawa, yana tambayar iyali. Amma da can "Malam ƙarami" yake ce mini yana tsokana. Daga ranar ya koma "Malam" kawai, yadda ake kiran baƙo. Kuma loɓar da na yi wa marfin bayan motar tana nan, bai gyara ba. Mutumin da ko ƙusa ce ta karce fenti sai ya nemo buroshi! Na ɗauka don ya riƙa tuna mini ne ya bar ta, sai na koyi shigowa gidan ta ɗaya ɓangaren. Kowace Sallah nakan ƙudurta cewa bana zan ba shi haƙuri. Sai in je, in gaishe shi, in ci tuwon Inna, in taso.

Da ciwon ya ci ƙarfinsa, shi ya tuƙo kansa zuwa Dutse, Inna na gefe. Ya ajiye Dattijuwa ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin. Da aka ba shi gado, ya lalubi aljihu ya miƙo mini makulli. Tunda nake ban taɓa riƙe makullin nan ba.

"Malam, duk safiya in ka kawo koko ka tayar da ita, ka bar ta ta ɗumama. Ruwanta na cikin jarka a baya. Ba ta son zama."

Kwana uku na yi. Daga nan jarrabawa ta taso a makaranta, ga neman jini, ga sayen magani, na ce gobe, goben ma na ce gobe. Shi kuwa kullum da yamma sai ya tambaya.

"Ka tayar da ita?"

"Na tayar, Baffa."

"Ya muryarta?"

"Lafiya lau."

Sai ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ikon Allah. Dattijuwa ta samu lafiya da tsufa." Ya juya fuska bango.

Kwanansa ashirin da uku. Ina cikin aji ina raba takardu Inna ta kira ni, ta ce in zo, Baffana ya cika. Ban ba shi haƙuri ba. Zan rubuta shi ƙarara don shi ne gaskiya: ya rasu ban nemi gafararsa ba, kuma maganar ƙarshe da na yi masa ƙarya ce a kan motarsa.

Kafin azahar an gama takardu. An buga waya gida, an fara haƙa, liman ya ce jana'iza bayan la'asar. Inna ta kira ni gefe ta ce ya bar wasiyya guda ɗaya, a mayar da shi gida a cikin motarsa. Na je na murɗa makulli, ko ƙis. 'Yan jinya da masu gadi suka taru suka tura ni, sau huɗu muna zagaya harabar, ba ta ko yi atishawa ba. Aka kira wani bakanike na kusa, ya canza batir, ya buɗe nan ya hura can, sannan ya ɗago ya ce robar famfon mai ce ta bushe ta tsage saboda zama, kuma irinta sai Kano, sai gobe.

Wani abokin aikina ya ce ga bas ɗinsa, minti arba'in mun isa. Na koma wurin Inna da maganar, ina kallon ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ya ɗauko na kowa a cikinta. Shi ne za a kai a ta aro?"

Ana cikin haka sai ga aminin Baffa ya iso daga Ringim da tsohuwar motarsa ta ɗaukar tumatir. Tare suka koyi tuƙi suna samari, mu kuma Baba muke ce masa. Ya shiga ya ga gawar, ya fito idonsa ja, aka yi masa bayani. Bai yi shawara da kowa ba. Ya buɗe Dattijuwa, ya zura hannu bayan kujera, ya fito da igiyar. Ya wanke bayan motar da ruwan jarkar nan da ban taɓa ba, ya shimfiɗa tabarmar. Aka fito da Baffa a lulluɓe aka kwantar da shi, maza huɗu suka zauna gefensa. Baba ya ƙulla igiya, ya nemi ƙyalle bai samu ba. Inna ta buɗe jakar kayan jinya ta ciro farin hankicin Baffa ta ba shi.

"To wa zai zauna a baya?" in ji Baba.

Bakaniken ya ce shi zai iya, ya saba. Raina ya ɗan yi sanyi. Sai na ji muryar Inna.

"Ɗansa ne zai riƙe masa birki."

Baba ya san labarin Aujara, duk dangi sun sani. Ya zo ya tsaya gabana, ya buɗe baki zai fara karatun, sai ya tsaya yana jira ya ga ko zan ce na sani. Na ce, "Faɗa mini, Baba." Ya faɗa mini duka, kalma bayan kalma, yadda amininsa ke faɗa. Na saurara kamar ban taɓa ji ba.

Inna ta zauna kusa da ni. Wani bawan Allah ya riƙe hankicin sama har igiyar ta miƙe, sannan ya saki. Muka fito.

Wanda ya san Dutse ya san fitarta gangara ce. Nauyin motar duk ya koma kan ƙafata ta dama. Birkin ya yi tauri, sai da na dafe sitiyari na miƙe a kansa. Idona bai san komai ba a duniya sai abu biyu, hannun Baba a taga da farin hankicin nan yana lilo a tsakani. In ya fara sauka, in ƙara takawa. In na ji igiyar na neman fizga, in ɗan sassauta, don fizga ɗaya za ta girgiza wanda ke kwance a bayana. Kafin mu kai Shuwarin cinyata ta fara karkarwa, warin birki ya cika motar.

A mahaɗar Shuwarin babura da 'yan adaidaita suka yi mana caa. Wani ya nufo tsakaninmu zai ratsa, ya ga hankicin ya ja da baya yana zagi. Sai wani mai lodi ya gane motar, ya hango abin da ke bayanta, ya ɗaga hannu biyu yana salati da ƙarfi. Wallahi sai hanya ta buɗe. Na ga mutane suna miƙewa daga kan benci. Da na saci kallon madubi, babura sun jero a bayanmu, ba mai wuce mu.

Bayan mun fita gari ne Inna ta yi magana, tana kallon gaba.

"Ta tagar ɗakin da aka kwantar da shi ana jin motar, ka sani? Kwana uku ya ji ta."

Ban ɗauke idona daga hankicin ba, ta ci gaba.

"Na ce bari in yi maka magana, ya ce in ƙyale ka, hidima ta yi wa yaron yawa."

Muka yi tafiya mai tsawo. Sannan na tambaye ta abin da na shekara goma sha ɗaya ina son tambaya, na ce me ya hana shi gyara marfin bayan.

"Ni ma na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce ku biyu kuka yi loɓar, ku biyu za ku kai ta a buga. Yana jira ka zo ku tafi."

Hawaye ya rufe mini ido, hankicin ya zama fari-fari kawai a gabana, kuma ba ni da hannun sharewa. Na ce, "Inna, ba na gani." Ta sa bakin mayafinta ta goge mini fuska, yadda take yi mini ina yaro in na dawo daga makaranta da majina. Ta yi haka sau uku kafin Kiyawa.

Da muka sauka daga kwalta muka hau burji, sai fargabar kwarin mashigar gari ta kama ni, don an yi ruwa kwana biyu kafin ranar. Nan ne Baffa ya ciro motocin da ba su ƙirguwa. Baba ya shiga a hankali. A tsakiya tayoyinsa suka fara juyawa a wuri ɗaya, Dattijuwa kuma ta ci gaba da gangarowa kansa. Na ga hankicin yana sauka, yana sauka, saura kamar taƙi ɗaya ya sha taɓo. Na taka da ƙafa biyu ina kiran sunan Allah. Motar ta tsaya cak, igiyar ta rage a sama. Masu baburan nan suka yi tsalle suka shiga ruwan da rigunansu, wasu suka sa kafaɗa a motar Baba, wasu suka dafa tamu ta gefe da gefe, ba ihu, ba hayaniya. Ɗaya daga cikin masu zama a baya ya ce mini daga baya ko lulluɓin bai motsa ba.

Ladan yana kiran la'asar muka tsaya a ƙofar gida. Garin duka yana wurin. Na ja birkin hannu, na fito, ƙafar ta ƙi ɗaukata sai da na dafa ƙofa. Baba ya sauko, bai kalli kowa ba, ya je tsakiyar igiyar ya kwance hankicin. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya ɗaga shi ga rana. Hankicin ya yi ɗan ja-ja, amma ba ɗigon taɓo ko ɗaya.

"Ƙura ce kawai," in ji shi. Ya miƙo mini. "Riƙe."

Ban san lokacin da na zagaya bayan motar ba. Maza sun riga sun matso da makara suna jiran a buɗe. Na zare sakatar, marfin nan mai loɓa ya sauko a hannuna, ga Baffa kwance yadda aka shimfiɗa shi a Dutse. Na miƙa hankicin wajen kansa, a gaban liman da dangi da kowa, na ce, "Baffa, ga shi. Bai taɓa ƙasa ba." Na jira, wallahi na jira, kamar zai karɓa ya juya shi. Sannan na ce, "Kai ne ubana. Ka yafe mini."

Liman ya dafa kafaɗata ya ce lokaci na tafiya. Na matsa, aka ɗauke shi.

Ya Allah, bawanka ne da bai taɓa barin mamacin kowa a hanya ba, kuma bai taɓa jijjiga ko ɗaya ba. Ka sauke shi a hankali, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa zafin bakinsa, Ka sada shi da ɗan'uwansa da ya riƙe wa amana. Ka ba Inna haƙuri. Ni kuma Ka isar masa da maganar da na makara ban faɗa ba sai da kunnensa ya rufe. Amin.